Shekarar da Muka Tsayar da Likita

A gidanmu ba ma kiran jam'iyyu da sunayensu. Cewa muke yi ta Yaya da ta Baffa. Yaya shi ne babban wana, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun kafin in yi aure shi ne shugaban jam'iyyarsu a ƙauyenmu. Baffa ƙanen mahaifinmu ne, katanga ce kawai tsakanin gidansa da namu, shi kuma yake riƙe da ɗaya jam'iyyar. Sunayen jam'iyyun sun sha canzawa, alamominsu ma haka, amma duk yadda aka juya, in Yaya yana nan to Baffa yana can. Ba su taɓa daina gaisawa ba. Sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, tare suke karɓar gaisuwa in an yi rasuwa a dangi. Sai dai kowa da tutarsa a ƙofar gida, kuma in lokacin zaɓe ya zo 'ya'yansu sukan rage shiga gidajen juna.

Ƙauyen namu yana tsakanin Rano da Kibiya, amma ba a kan titi ba. Akwai rafi tsakaninmu da titin. Da rani ba ka ganin komai a cikinsa sai yashi da sawun shanu. Da damina kuwa, in aka yi ruwa mai ƙarfi a can wajen duwatsu, sai mu wayi gari ya cika baki da baki, ja wur, yana tafe da itatuwa. Babur ba ya wucewa, balle mota. Mai buhu ya ɗora a ka, mai mara lafiya ya goya, in ruwan ya fi ƙarfin haka a zauna a jira. Ni ban da noma ina da injin niƙa a bayan masallaci, kuma na sha tsallake rafin nan da jarkar mai a kaina, rigata a naɗe a wuya.

Duk ɗan takarar da ya zo mana, a bakin rafin yake fara tsayawa. Ya sauko daga mota, ya riƙe ƙugu, ya girgiza kai, ya ce bai san haka muke fama ba.

Ƙuri'ata ta farko ta Yaya na bai wa. Ban yi wani dogon tunani ba, wana ne. Da suka ci, aka zo da tifa aka zube duwatsu a bakin rafin, muka fita kallo har da tsofaffi. Duwatsun suka shekara a nan, sannan suka fara raguwa. Mai ginin ɗaki ya ɗebi kaɗan, mai gyaran rijiya ya ɗebi kaɗan, har wurin ya koma yadda yake. Da na gaji sai na koma ta Baffa, kuma wannan karon da zuciya ɗaya na yi. Na yarda da abin da ake faɗa a lasifika, cewa wahalar talaka ta zo ƙarshe. Ranar da aka ce sun ci, har Rano na je a babur cikin ayari, ina danna hon har ya dishe. Su kuma manyan bututun siminti suka kawo, irin na kwalbati, aka kafa allo mai zanen gada. Bututun suna nan har yau. Awaki ne ke shiga cikinsu in rana ta yi zafi.

Abin da ya tunzura mu shi ne shanun wani maƙwabcinmu. Mutum ne mai iyali da yawa, ba shi da komai sai shanun huɗa biyu da amalanke. Wata damina ya ɗauko kaya daga titi, ya ga kamar ruwan ya ja baya, ya kora su ciki. Suna kaiwa tsakiya ƙafar amalanken ta nutse a yashi, ruwa ya kifar da ita. Shi an ciro shi, an yanke igiya an ceci sa ɗaya. Ɗayan sai washegari aka same shi can ƙasa, maƙale a saiwar bishiya, ya kumbura. Mutumin bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Ya zauna a gindin bututun simintin nan da igiyar a hannu, mutane suna zuwa suna yi masa jaje.

Da yamma mutane kan taru a inuwar ɗakin injina bayan na kashe shi. A wannan makon ba a yi wata hira ba sai ta rafi. Muna cikin haka wani manomi da ba ya cika magana ya ce, "Wai mu dole sai su? Kansila dai ɗan mazaɓa ne. Me zai hana mu tsayar da namu?"

Aka yi dariya. Sai dariyar ta tsaya da kanta, domin kowa a wurin mutum ɗaya ya faɗo masa a rai.

Likita muke ce masa, ko da yake kullum sai ya gyara mana ya ce shi malamin asibiti ne kawai. Ya yi aiki a ƙaramin asibitin yankinmu har ya yi ritaya, ya buɗe ɗan kantin magani a zaurensa. Dogo ne siriri, a keke yake yawo, yana magana a hankali kamar mai jin tsoron ya firgita wanda yake gabansa. Babu gidan da bai shiga ba a ƙauyukan nan. Ya sha shiga rafin nan ruwa har ƙirji, jakarsa a ka, don ya duba mara lafiya a rugar Fulanin da ke tsallake. Ba a taɓa ganin tuta a ƙofarsa ba.

Da muka je masa da maganar, sai ya ce, "Ni allura na iya. Ku nemi wani."

Muka koma da dattawa. Ya saurare su har suka gama.

"In na yarda," ya ce, "ba zan raba wa kowa sabulu ko atamfa ba. Ba ni da su, kuma ko ina da su ba zan raba ba. Ba zan kuma ce zan yi gada ba, don kansila ba ya yin gada. Abin da zan iya shi ne in riƙa zuwa ina zama a ƙofar masu yi har su gaji da ganina."

Wannan maganar ita ta sa na ba da kaina ga al'amarin gaba ɗaya. Ban taɓa jin ɗan takara ya faɗi abin da ba zai iya ba.

Daga baya muka gane cewa mutum ba ya tsayawa takara da sunansa kawai, sai a ƙarƙashin jam'iyya. Na fara zuwa wajen Yaya. Ya ce su nasu ɗan takarar an riga an turo sunansa daga sama, wani matashi ne daga wani ƙauye, shi kansa bai san shi sosai ba. Na je wajen Baffa, ya ce su ma haka. A lokacin ta Yaya ce ke kan mulki, ta Baffa tana jiran gaba. Sai wani direba da ke jigila zuwa Kano ya ce ai akwai ƙananan jam'iyyu birjik a birni, waɗanda ba su da kowa a yankinmu. Muka yi karo-karo, ni da Likita muka shiga motarsa.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman wani shago. Mutum ɗaya muka tarar a ciki yana fifita da jarida. Ya yi mamakin ganinmu ƙwarai, sai da ya sa muka maimaita masa inda ƙauyenmu yake. Ya karɓe mu da fara'a, ya ce irinmu suke nema. Alamar jam'iyyar tulu ce. A hanyar dawowa Likita ya ce, "To, ko ba komai dai alamar ba za ta yi wa mata wuyar ganewa ba."

Haka kuwa aka yi. Matata 'yar Zinyau ce, mace ce mai shiga mutane, tana da baki. Ta ɗauki wani ɗan ƙaramin tulu da ke ɗakinta, ta riƙa bin gidaje da shi bayan azahar. Ta ajiye shi a tsakar gida ta ce, "Wannan za ku nema a takarda, gefensa za ku dangwala." Mata suka riƙa dariya suna cewa wannan ai ɗan gida ne. Ni kuma duk wanda ya kawo niƙa sai ya tafi da magana. Ba mu da mawaƙi, ba mu da mota mai lasifika. Ranar kasuwa mukan bi rumfa rumfa, Likita yana gaba yana tura kekensa, ana tsayar da shi a nuna masa ƙurji ko a yi masa ƙorafin ciwon baya. Ardon rugar tsallake ya zo da kansa har ɗakin injina ya ce, "Likita namu ne. Ranar da za a yi, a aiko mana kawai." Har daga Tarai da Madachi mutane suka riƙa tambayarmu yadda muka yi, su ma suna son su gwada a nasu.

Ban taɓa jin irin abin da na ji a makwannin nan ba, kuma ban sake ji ba. Ina tashi da safe da ƙarfi a jikina. Ina kallon mutanen da na sani tun ina yaro, waɗanda in an yi maganar zaɓe sai su ce wa zai kawo me, yanzu suna musu a kan wane gida ne ba a shiga ba.

Wata rana da hantsi Yaya ya shigo ɗakin injin. Ya yi mini alama da hannu, na kashe. Ya zauna a kan buhu, gari yana sauka a hularsa.

"Ka san ba na ƙin Likita," ya ce. "Babu ɗana da bai duba ba."

"To me ya hana ka zo mu yi tare?"

"Wannan zaɓen ba irin wanda kake zato ba ne. Na ƙananan hukumomi ne. Wanda ke sama shi yake ɗauka, duka. Lokacin da su Baffa suke kai haka suka yi mana, ka manta ne don a lokacin kana tare da su. Yanzu mu ne a kai."

"In mutane suka fito da yawa babu yadda za a yi da su."

Ya dube ni. Babu fushi a idonsa, gajiya ce kawai.

"Ina gaya maka ne don kada ka tara mutane a rana," ya ce. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Allah ya sa ni ne ban gane ba."

Baffa kuwa aikowa ya yi aka kira ni, na tarar da shi cikin annashuwa. Ya ce mun burge shi, in muna son aron lasifika da kujeru mu ɗauka. Ina zaune a gabansa yana lissafa gidajen da a da na Yaya ne, yanzu sun koma wajen Likita, yana dariya. Ko sau ɗaya bai ambaci rafi ba. Na yi masa godiya na tashi, ban karɓi komai ba.

Zaɓen ya faɗo a cikin kaka. Shinkafa ta nuna, tsuntsaye sun sauka a kanta, kowa yana sauri ya yanke tasa. Duk da haka mutane suka ajiye lauje. Tun da sassafe filin firamare ya cika. Layin maza ya kai har bakin rijiya, na mata ya zagaya bayan azuzuwa. Fulani suka tsallako da matansu da tsofaffinsu, suka zauna gefe ɗaya a ƙarƙashin darbejiya. Maƙwabcin nan namu mai shanu shi ne na farko a layi, katinsa a hannu. Na tsaya ina kallon filin.

Ma'aikatan zaɓe ba su zo da safe ba. Aka ce motarsu tana hanya. Samari suka tafi bakin rafi don su taya su tsallako da akwati, tunda har lokacin akwai sauran ruwa. Da rana ta ɗaga layi ya warware, kowa ya nemi inuwa amma ya bar takalminsa ko dutse a gurbinsa. Ɗan sanda ɗaya ya zo a babur, ya zauna a barandar aji. Muka tambaye shi, ya ce shi dai an ce ya zo nan, bai san komai ba. Muka yi azahar a filin. Mata suka fara zamewa don ɗora girki, matata tana bin su tana roƙo, wasu suka dawo da goyo a baya, tukunyar da ba su gama wankewa ba tana ransu. Likita yana zaune a benci, wani tsoho ya ɗaga kai, Likitan yana duba masa ido.

Bayan la'asar wani mai rediyo a aljihu ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru. Aka matso. Muryar da ke ciki tana karanto sakamakon zaɓen ƙananan hukumomi, mazaɓa bayan mazaɓa. Da farko na ɗauka na wasu wuraren ne da aka gama da wuri. Sai na ji sunan mazaɓarmu. Aka ce an yi zaɓe lami lafiya, ɗan takarar jam'iyyar Yaya ya lashe. Adadin da aka faɗa ya fi duk mutanen da na taɓa gani a layi a rayuwata. Aka ba ta Baffa ɗan kaɗan. Tulu ko ambatonsa ba a yi ba.

Filin ya yi tsit. Na tuna ina jin kukan wani jariri daga layin mata, da ƙarar injin casa daga nesa, na wani da bai zo ba. Sai samari suka fara hayaniya, wasu suna cewa a tafi sakatariya, wani ya ɗauki dutse bai san ma inda zai jefa ba. Likita ya tashi ya hau barandar aji. Bai ɗaga murya ba, sai da aka yi shiru don a ji shi.

"Ku tafi gida," ya ce. "In aka fasa wa ɗayanku kai, ni ne zan ɗinke, kuma ba na so. Shinkafarku tana zuba. Na gode muku, Allah ya saka da alheri."

Ardo ya zo ya ba shi hannu ya ce, "Mun dai zo, ka gan mu." Ya juya da mutanensa. Maƙwabcinmu ya mayar da katinsa aljihu, ya danna shi da tafin hannu, ya tafi.

Yaya yana wurin tun safe, can gefe a jikin babur ɗinsa, shi da mutanensa kaɗan. Na taka na same shi. Na zo da magana mai zafi a bakina, sai na ga babban yatsansa fes, babu tawada.

"Kai ma ba ka jefa ba," na ce.

"Ni ma a rediyon na ji."

"Amma ka sani."

"Na san za su ɗauka. Ban san ko akwatin ba za su kawo ba." Ya sunkuyar da kai. "Ni ma na tara nawa mutanen a ranar nan."

Na so a ce shi ne ya yi, da na san wanda zan yi fushi da shi.

Na koma Kano wajen mutumin jam'iyyar tulu. Ya nuna takaici sosai, ya ce abin da ya rage kotu ce, sai lauya, sai zirga-zirga, kuma a ƙarshe ba lallai ba. Da na kawo wa Likita maganar sai ya ce a bar ta. Ya koma kantinsa kamar ba a yi komai ba, sai dai ya daina zuwa majalisar ɗakin inji. Matata ta daɗe ba ta shiga gidajen mutane ba. Babu wadda ta zarge ta, amma ita ce ta ce musu su bar girki su tsaya, kuma abin ya tsaya mata a rai. Ni kuma na yi asarar shinkafa kaɗan kamar kowa, na kuma yi wa kaina alkawari cewa na gama. Ba ni ba layin zaɓe har abada.

A ƙauye irin namu wannan alkawari yana da wuyar riƙewa. Da damina ta zagayo aka kawo takin gwamnati mai rangwame, ta hannun jam'iyya aka raba. Waɗanda aka san sun bi Likita su ne na ƙarshe, kafin a zo kansu ya ƙare. Yaya ya aiko mini da buhu daga kasonsa. Na so in mayar, sai na dubi masarata da ta fara yin rawaya, na karɓa. In ɗanka yana son a sa masa hannu a wata takarda, wajen kansilan nan da ba mu zaɓa ba za ka je, ka gaishe shi da ranka ya daɗe. Shi ma ba mugu ba ne. Yaro ne mai ladabi, yana durƙusa wa dattawa, kuma da aka yi masa maganar rafi ya ce wallahi shi ko biro ba ya saya sai an ba shi izini.

Ana cikin haka iska ta juya. Babban mutumin da su Yaya suke bi a yankin ya saɓa da na sama da shi, ya tattara mutanensa ya koma jam'iyyar Baffa. Yaya ya bi shi, don ba shi da wani wanda zai bi. Baffa ya ga waɗanda ya shekara yana zagi sun zo sun zauna a samansa, su za su riƙa ba shi umarni a jam'iyyar da ya yi wa wahala. Sai ya yi fushi ya koma wadda Yaya ya bari. A mako guda tutocin ƙofofin gidajen biyu suka yi musaya. Inna, mahaifiyarmu, ta fito da sandarta ta dubi wannan ta dubi waccan, ta ce da ni, "To yanzu wace ce ta wa?" Na yi mata bayani. Ta ce, "Ashe dai duk ɗaya ce, ɗakuna ne biyu."

Da babban zaɓe ya matso sai na fara yin baƙi. Ashe layin nan da muka tara a firamare ba a manta da shi ba. An ba da labarinsa har sama, an kuma san su waye suka tara shi. Baffa ya fara zuwa, ya ce mutum irina mutane suna jin maganarsa, in zo in zama wakilinsu a akwati. Na ce na bar siyasa. Bayansa wasu baƙi suka zo a mota daga ɓangaren su Yaya, suka yabi Likita, suka ce abin da aka yi mana kuskure ne na waɗancan, alhali waɗancan ɗin su ne su ɗin kafin su sauya ɗaki. Su ma na ba su haƙuri. Yaya da kansa bai zo ba.

Inna ce ta kira ni ɗakinta bayan sallar asuba, da gari ya yi haske. Ta tsufa sosai a lokacin, ba ta fita ko'ina.

"An ce wa yayanka in bai kawo akwatin nan ba za a cire shi," ta ce. "Ka san ba shi da gona, ya sayar tun tuni a kan wannan abin. Ba shi da sana'a. Da wannan gidansa yake ci."

"Inna, kin ga abin da suka yi mana."

"Na gani. Ba na ce suna da gaskiya ba. Cewa na yi yayanka ne."

Na duba ta kowane gefe. In na ƙi, Yaya ya faɗi, iyalinsa su dawo kaina, kuma wanda za a sa a gurbinsa bai fi shi ba. In na bi Baffa, na yi wa Inna tawaye a kan mutanen da su ma na ga aikinsu. In na zauna a gida, kowa zai ce zaman nawa ma wani ɓangare ne. Na ce mata to.

Da na gaya wa matata, sai da ta gama tankaɗe. Sannan ta ce, "Ni dai kada ka ce in shiga gidan kowa." Na ce ba zan ce ba.

Ranar babban zaɓe akwati ya zo da wuri, da ma'aikata, da na'urar da ke duba fuska. Aka rataya mini kati a wuya mai alamar jam'iyyar Yaya, aka ba ni benci kusa da tebur. Wanda ke zaune kusa da ni da katin ɗaya jam'iyyar babban ɗan Baffa ne, sa'ana, tare muka yi kiwo muna yara. Layin bai kai rabin na waccan ranar ba. Daga ruga mutum kaɗan ne suka tsallako. A bayan azuzuwa ana raba wani abu a leda, ɓangare biyu, kowa da kusurwarsa, mata suna bi ta nan su ɓulla ta can. Maƙwabcinmu mai shanu bai zo ba.

Wajen hantsi na hango Likita yana jingine kekensa a jikin darbejiya. Ya ƙara ramewa, gemunsa ya yi fari tas. Ya shiga layi kamar kowa, aka yi ta ba shi hanya yana ƙi. Da ya iso gaban tebur ya dubi katin da ke wuyana, ya dube ni. Na ji kamar in cire shi in cusa a aljihu. Ya miƙo mini hannu ya tambayi jikin Inna, ya ce in tabbatar tana shan maganinta bayan ta ci abinci.

Da ya jefa ya fito, na bi shi har wajen keken.

"Malam, ban zaci za ka zo ba," na ce.

"Kullum ina zuwa."

"Bayan abin da aka yi?"

Ya duba yatsansa, ya hura tawadar don ta bushe.

"In ban zo ba wani zai dangwala mini," ya ce. "Gara in ɓata ta da hannuna."

Ban tambaye shi wa ya zaɓa ba, shi ma bai tambaye ni yadda aka yi na zo nan ba. Ya hau kekensa a hankali ya tafi.

Da yamma aka zazzage akwati aka ƙirga a gaban kowa. Ta Yaya ta ci da ɗan kaɗan. Na sa hannu a inda aka nuna mini, ɗan Baffa ya sa a ƙasan nawa. Yaya ya zo ya riƙe hannuna da hannuwansa biyu, idonsa ya yi ja, sannan ya ruga ya bi motar da ke ɗauke da akwatin.

Filin ya watse, ya rage ledoji da takardu. Ɗan Baffa bai zo da abin hawa ba, sai na goya shi a babur ɗina, kowa da katinsa yana lilo a wuya. Da muka shiga unguwarmu ya sauka a ƙofar gidansu, ya miƙe bayansa, ya ce, "To, sai kuma na gaba."

Na ce, "Allah ya kai mu."